Gorar Inna Joytun da Gonar da Ke Ƙarƙashin Jamuna

Surukata Joytun ta fi shekara ashirin tana auna kogin Jamuna da gora, kuma tun da na auri 'yarta Shefali, ni ne mai tuƙa ta a kwale-kwale. Ni fa masunci ne, ina da aikina! Amma kowace Juma'a da hantsi sai in ji muryarta a ƙofa: "Tofajjal, ɗan albarka, ruwa na jiranmu." Wa zai iya ce wa suruka a'a? Sai in ajiye komar kamun kifi, in ɗauki filafili ina ƙunƙuni.

Gonar mahaifinta ce damuwarta. Kogi ya cinye ta da gidan da ke cikinta a damina guda, lokacin tana amarya. A wurinmu, in ƙasa ta sake fitowa kafin shekara talatin, ta mai ita ce. In ta wuce haka, ta zama ta hukuma. Mu kuwa muna cikin ta ashirin da tara.

Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san halin ruwa fiye da yadda na san halin matata. Takan ce kogi yana cin ƙasa ne ta bayan lanƙwasa, ya amayar ta cikin lanƙwasa, abin da ya kwashe a gaɓar yamma shi yake zubarwa a gabas. Gorarta tana da zare ja ɗaure a kowace gaɓa. Za ta sa in yi ta juya jirgi har sai hasumiyar masallacin kasuwa ta ɓuya bayan wani tsohon rimi, bututun hayaƙin masu gasa bulo kuma ya zo daidai kafaɗarta ta hagu. Sai ta ce, "Tsaya! Nan ne ƙofar gidanmu." Tsakiyar ruwa fa, ko'ina ka duba ruwa ne. Ta zura gora, ta ciro, ta murza abin da ya manne tsakanin yatsu. In yashi ne ta yi tsaki, in laka ce ta yi murmushi.

Kuddus mai shayi ba ya barinmu mu wuce lafiya. "Inna, yaya amfanin gona? Bana kifi kika shuka ko kaguwa?"

"Kai dai ci gaba da sayar da ruwan zafi kana kiransa shayi," in ji ta. "Ranar da zan ba ka kankanar gonar nan, da ɓawonta za ka ci."

Shekara uku zurfin da gorar ke nutsewa yana ta raguwa: gaɓa tara, shida, huɗu. Da ruwa ya janye bara sai ga wani tudu ya leƙo, bai fi faɗin tabarma goma ba. Don murna na yi tsalle daga jirgi, na nutse har ƙugu. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Wawan ɗana, jaririyar ƙasa ce, ba ta yi ƙashi ba tukuna!" Da gorar ta jawo ni.

Sai dai tudu irin wannan ambaliya ɗaya ke share shi, mu kuma damina ɗaya ta rage mana. Inna ta ce a dasa ciyawar kash, ita ce ke riƙe laka in ruwa ya hau. Ta dafa ƙatuwar tukunyar dafa-duka da soyayyen kifi, ta ce duk wanda ya dasa dami ya ci. Rabin mutanen tsibirin da muke zaune suka fito, har da Kuddus, wai shi don kifin ya zo. Da ruwa ya rufe wurin, wallahi tsoro ya kama ni, wata huɗu ina duban kogi kamar mai jinya. Ita kuwa ko a jikinta, barcinta take sha.

Ruwa ya sauka, sai ga fili shimfiɗe, ciyawa ta yi fari fat, laka ta yi kauri har kana iya gudu a kai. Mai awon ƙasa ya zo da tsohuwar taswira da sarƙarsa, ya wuni yana ja yana rubutu. Da la'asar ya kafa turke a inda taswira ta nuna ƙofar gidan, taku bakwai kacal daga inda Inna ta soke gorarta. Ya ce, "Inna, wa ya koya miki awo?"

"Taku bakwai ɗin ma kai ka kuskure," ta ce. Aka kwashe da dariya, Shefali ta rangaɗa guɗa.

Ba ta tsaya jin sauran bayaninsa ba. Ta ƙirga taku goma sha biyu zuwa kudu, ta zauna daɓas a kan laka, ta ce a kawo mata bulo uku da tukunya. Na ce, "Inna, me ya sa nan?"

"Nan murhun uwata yake," ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Shinkafa na kan wuta muka gudu. Hura min, ɗana, in ƙarasa mata girkinta."