Gashin Ajna da Ba Ka Aske Ba, Kum Hajro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairu, na fita sayen burodi, sai na ga takardar sanarwar rasuwa mai koren gefe manne a turken wuta na bakin kasuwar Plav. Hotonka ne a jiki, Hajro Kolenović. Zuciya ce ta tsaya, kana da shekara sittin da huɗu. Na karanta har sau uku, ƙanƙara na sauka a kan sunanka.

Garin nan ya san ka ɗan baya mai lamba huɗu, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana wasan ƙwallon ƙafa a Podgorica, sannan uku a Austriya, har gwiwa ta dawo da kai gida. Ka karɓi kulob ɗinmu ba shi da ko raga mai kyau. Kai ne koci, kai ne direban motar 'yan wasa, kai ne ke fara ɗaukar shebur idan ƙanƙara ta rufe fili. Wanda ya yi nawa a atisaye sai ka ce masa kakarka ta fi shi gudu, alhali tana kabari.

Ni kuwa ta wata hanya na san ka. Duk tafiyar da kuka yi wasa a waje, sai ka sayo mini ɗan littafin soyayya a tashar mota, ka ba mijina Ervin, ɗan wasanka na gaba, ka ce ya kai wa amarya ta ga yadda mazan kirki ke magana.

Da muka haifi Ajna, Ervin ya je gidanka ya roƙe ka zama kum ɗinta, wato kai za ka yi mata askin fari, gidajenmu su zama jini ɗaya, kai da shi ku riƙa kiran juna kum. Ka amsa da hawaye. Wata biyu kafin askin, ka cire shi daga jerin 'yan wasa. A gaban kowa ka ce:

"Kum, ƙafar nan taka ta ƙare. In na sa ka, Plav za ta ce zumunci na sa, ba ɗan wasa ba."

Gaskiya ka faɗa. Amma Ervin ya rantse almakashinka ba zai taɓa kan 'yarsa ba. Kum kuma ba a canza shi, wani hannun ba ya yin askin. Haka gashin Ajna ya yi ta tsawo shekara biyu, har yana rufe mata ido. Duk wanda ya gan ta a hanya ya san ba ku shirya ba.

A nan laifina yake. Tsakanin ƙofarmu da taka tafiyar minti biyar ce. Da na saɓa Ajna na kawo maka, da ka aske, da magana ta mutu. Amma na zauna ina jiran irin sulhun littattafaina, inda maza biyu ke haɗuwa a kan gada su rungumi juna. Na ma zaɓa muku gadar. Sau ɗaya ka gan mu a bakin tafki, ka miƙa hannu za ka shafa kanta, sai ka mayar da shi aljihu.

Ervin ya bi jana'izarka. An ce bai bar kowa ya karɓe shi ba a ɗaukar makara har maƙabarta. Ya dawo da laka har gwiwa, bai cire takalmi ba, ya ɗauki Ajna, na bi shi zuwa gidanka.

Matarka Zineta ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta ce:

"Kun makara. Amma ita ba ta yi wa kowa laifi ba."

Ta ɗauko almakashinka, a madadinka ta yanke gashin a wuri uku, kamar yadda ya kamata ka yi. Ta sumbaci Ajna. Ba ta dubi Ervin ba, har muka fita. Ban sani ba ko za ta taɓa dubansa, kuma wanda zai ce mata ta yafe ya tafi.

Allah ya jiƙanka, Kum Hajro, ya yalwata kabarinka, ya sa haƙurin da ka yi da mu ya tarar da kai a can. Ga Zineta, da 'ya'yanka Senad da Elvira, da duk 'yan wasan da ka rena, Allah ya ba ku juriyar wannan rashi. Mu kuma ya yafe mana abin da ba mu nema a wurinka ba tun kana ji.

Almasa, matar Ervin
Plav