Karen Da Na Bayar Sau Biyu

A shekarar da Baba ya yi ritaya daga koyarwa aka ba mu wata uku mu tashi daga gidan ma'aikata a Samaru. Ɗaki biyu muka samu a Jushi, kuma mai gidan ya faɗa tun kafin mu kawo kaya cewa ba ya son kare. Namu kuwa ya shekara bakwai a wurinmu, ja ne mai yagaggen kunne, ni nake ba shi tuwo tun yana kwikwiyo. Don haka Baba ya ce ni zan nemo masa wurin zama. Ina aji biyu a jami'a lokacin, ban ma san wa ake tambaya irin wannan abu ba.

Wani ɗan cocinmu mai gyaran janareta a Sabon Gari ne ya fara cewa yana so, wai ɓarayi sun dame shi a shago. Ranar Asabar na kai masa karen a bayan a-kori-kura, har da kwanonsa. Washegari bayan sujada wata daga cikin matan zumunta ta ja ni gefe, ta ce ƙanin mutumin nan yana da rumfar farfesu a Chikaji, kuma ba naman akuya kaɗai ake dafawa a can ba. Na tambaye ta ko ta gani da idonta, ta ce a'a, ita ma ji ta yi.

Litinin da safe na je shagon. Na tarar an yi wa karen wanka, an sa masa sabuwar sarƙa, ga ƙashi a gabansa. Na tsaya ina kallo, na rasa ko kulawa ce ko kiwo ake yi. Mutumin ya tambaye ni ko lafiya, sai na yi masa ƙarya cewa Baba ya canza shawara. Bai yi musu ba. Ya kwance sarƙar ya miƙo mini, ya ce, "Ki tafi da ita, don shi na saya." Har na kai tasha kunya ba ta sake ni ba.

Na biyu wani dattijo ne manomi a Bomo, wanda Mama ke sayen masara a wurinsa. Awaki suna cinye masa lambu, yana son mai kora. Na ba shi labarin abin da ya faru, ya yi dariya, ya karɓi karen.

Sai da muka yi mako biyu da tarewa a Jushi na koma dubawa. Dattijon ya yi mamakin ganina. Ya ce tun kwana na uku karen ya ɓace, shi ya ɗauka ni ce na sake zuwa na ɗauke abina.

Ban san abin da ya kai ƙafata tsohon gidanmu ba. Karen yana nan kwance a ƙofar kicin. Wata nas 'yar kudu ce ta tare a gidan, ta ce ranar da suka zo a nan suka same shi, ta zaci tare da gidan aka ba su. Teba da miya take ba shi, har ta sa masa wani suna. Ya taso ya laso hannuna yana kaɗa wutsiya, amma da ta kira shi da sabon sunan sai ya waiwaya.

Ta ce da ni cikin Hausarta mai tsami, "Kin zo ɗaukarsa ne?"

Na ce ban sani ba. Ta kawo mini kujera, na zauna a barandar da na girma a kai kamar baƙuwa, na sha ruwa. Da na tashi tafiya ya raka ni har bakin titi, ya tsaya ya ga na shiga mota, sannan ya juya.

A gida na faɗa wa Baba duka. Sai ya tambaya ko karen ya rame. Na ce a'a, ƙiba ma ya yi. Ya ce to, a bar shi.