Ranar da Salula Ta Riga Ni Zuwa Bengu

Da yankan shinkafar bana yayana Idi ya cika shekara bakwai a ƙasa. Na so in rubuta abin da zai sa ku murmushi, domin mutum ne mai ban dariya, amma abin da ke cina a rai ya hana. Ku yi haƙuri da ni.

Idi tela ne a nan Gaya, sai dai a danginmu ba da ɗinki aka fi saninsa ba. Shi ne mai kai saƙon mutuwa. In an yi rashi, kafin a gama ɗora ruwan wanka ya naɗe ƙafar wando ya hau keke, ya nufi ƙauyen Bana ko Bengu, duk inda makusancin mamacin yake. Ba wanda ya naɗa shi, an dai ga bakinsa da sanyi aka bar masa. Sau biyu na raka shi, na ga yadda yake yi. Ba ya shiga gida da gaggawa. Zai zauna, ya karɓi ruwa ya sha, ya tambayi gona, ya lura ko an ci abinci. In tsohuwa ce, sai ya sa a kira maƙwabciya ta zauna dab da ita. Sannan ya ce jikin wane ya yi tsanani. Ba ya ƙara komai sai an tambaye shi da baki, lokacin ne zai ce, “Sai haƙuri.”

Kada ku ɗauka maƙiyin salula ne. Ina! Da aka kafa dogon ƙarfen rezo, wato na sadarwar waya, a garin nan, shi ya je ya tsare masu aikin da tambaya har suka gaji da shi. Ya dawo shago yana yi mana bayani kamar shi ya ƙera ta: wai wayar tana ɗaukar muryarka ta jefa wa ƙarfen ta iska, ƙarfen ya miƙa wa na gaba, har ta sauka a kunnen wanda ka kira kafin ka haɗiye yawu. Yana cikin na farko da suka saya a unguwarmu. In ya je bakin kogi wayar ta kama rezon Benin, sai ya tuntsure da dariya ya ce ga abin da ke ƙetare iyaka ƴan duwan, wato kwastan, na kallo. Amma ko sau ɗaya bai faɗi mutuwa ta cikinta ba. Na taɓa yi masa tsiya, na ce ga sauƙi ya zo yana wahalar da ƙafafunsa. Ya ce, “Musa, wannan abar ba ta ganin wanda take yi wa magana. Ba ta san ko a tsaye yake ko a zaune ba.”

To, daga baya aka yi mata ido. Ta fara ɗaukar hoto, aka ƙirƙiro zaurukan hira na waya da mutum ɗaya zai jefa abu ya faɗa aljihun gari guda.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Babbar mota ta kwashe Idi a hanyar gada, nan take rai ya yi halinsa. Ina kasuwa wurin buhunan shinkafata aka zo aka kira ni. Da na isa, wallahi kafin in ga yayana wayoyi na fara gani, an ɗaga su sama an kewaye shi. Mutum guda ne ya tuɓe rawaninsa ya rufe shi, Allah ya saka masa da alheri. Sauran kuwa, tir da wannan hali!

Mahaifiyarmu, Inna, tana Bengu. Na bar ƴan'uwa da gawa na ari babur, ina tafe ina maimaita karatun Idi: zauna, sha ruwa, kira maƙwabciya. Tun daga bakin lungu na ji kuka. Ashe wata baiwar Allah hoton ya shigo wa, ba ta ma tabbata ba, ta ruga ta kanga wa Inna wayar a fuska tana cewa, “Wannan ba Idinki ba ne?” Inna tana tsaye da ƙwaryar tsaki a hannu. Yadda ta faɗi ranar, har yau ɓarin jikinta na dama bai dawo ba. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa jininta ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba.

Mutumin da ya yi shekaru yana tare wa iyayen wasu wannan faɗuwa, tasa uwar ba ta samu ko mai ce mata ta zauna ba. Wannan ban yafe wa zamanin nan ba, kuma ba na jin zan yafe.

Wani lokaci ina tambayar kaina me Idi zai ce da ya ga yau. Yanzu ko karatu ba a buƙata, danna ka yi magana kawai. Ana rige-rigen sanar da mutuwa kamar akwai tukuici. Na sha ganin hoton mutum da addu'a a ƙarƙashi alhali yana kwance asibiti da ransa. Ina jin Idi ba zai yi faɗa ba, ni ne mai faɗa a gidanmu. Zai dai dubi kekensa ya gane an gama da shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu uku Inna ta haifa maza. Autanmu Sani direban babbar mota ne, yana bin hanyar Doso, kuma kun san yadda hanyoyi suka zama. Watan jiya, da azahar, hoton wata mota da ta kife ya shigo wayata. Launinta irin na tasa. Na kira shi, ba ya shiga. Na sake, ba ya shiga. Ban tsaya neman tabbaci ba, na tada babur, ina gudun da ban taɓa yi ba, ina tsere da abin da na san ba a tsere masa. Sai da na kusa Bengu wayar ta yi ƙara. Sani ne, lafiyarsa lau, ya ratsa wurin da babu rezo ne kawai.

Na ƙarasa duk da haka. Inna tana zaune a inuwar ɗakinta. Ta dube ni, ta dubi ƙurar da ke jikina, ta lura ba ranar zuwana ba ce. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta jira na shanye. Sannan ta ce, “Wane ne?”

Na rantse mata ba kowa. Na kira Sani ta ji muryarsa. Sannan ta laluba ƙarƙashin matashi da hannunta mai lafiya, ta ciro ƴar wayar da jikoki suka saya mata, ta miƙo mini. Ta ce, “Tafi da ita. In ranar ta zo, kai nake so ka zo ka zauna, yadda yayanka yake yi.”

Keken ɗinkinsa an sayar, shagon ya koma wurin cajin wayoyi. Abin da ya rage na Idi shi ne wannan zaman da shan ruwan, kuma ga shi ya faɗo a kaina, ni mai gajen haƙuri. Wayar Inna tana cikin akwatina a kashe. Amma ranar, ina fitowa daga gidan, na ga matan gida kowacce da tata a hannu, maƙwabta ma haka.

Babur ɗina kullum da mai a cikinsa, na kuma san ba zai isa ba. Saboda haka ku nake roƙo, mutanen Gaya da na kan hanya. In wata rana kuka ga mota a kife, kuka gane fuskar, ku mayar da wayar aljihu. Akwai wata tsohuwa a Bengu. Ku bar ni in riga ku isa.