Tamba Mai Gadin Ƙofar Gona

Tamba yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wallahi har yau in na tuna abin da aka mai da shi sai raina ya ɓaci. A Argungu aka haife mu, gidan masunta, amma shi ruwa bai karɓe shi ba. Tun yana saurayi ya ajiye homar kamun kifi ya koma Zauro noman shinkafa. Ni ma aure ya kai ni can, mijina ya rasu ya bar ni da marayu.

Da wani babban kamfani ya karɓi fadamar bayan gari ya kewaye ta da waya, Tamba aka ɗauka shugaban leburori. Mai kamfanin ba mu taɓa sa shi a ido ba, Alhaji kawai ake cewa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya aiki. Injin ban ruwansa ba ya tsayawa, shinkafarsa kuwa sai ka rantse zana ta aka yi.

To a wurinmu, in an yanke shinkafa an kwashe, abin da ya zube ƙasa ya bar hannun mai gona. Na zawarawa ne da tsofaffi, mu shiga da ƙwarya mu tsince. Kala ke nan, kuma da shi nake kai yarana har damina. Kwatsam manajan gonar ya ce Alhaji ya hana, wai asara ce, za a share a sayar wa masu kiwon kaji. Kaji, jama'a! Mu ga mu tsaye a bakin waya da ƙorai, a ce kaji sun fi mu.

Tamba ya dubi manaja ya ce, "Ranka shi daɗe, ba a yin haka garinga." Ya zare sakatar ƙofar gona muka shiga. Washegari aka sallame shi ta wayar tarho, ko zuwa gabansa ba su yi ba.

Da furfurarsa ya koma kabu-kabu da babur ɗin aro tsakanin Ambursa da Birnin Kebbi. Baya ya riƙe, ido ya fara hazo, matarsa Hanifa ta sayar da tumakinta ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, ni kuwa ko'ina na zauna sai na yi alfahari da shi.

Ana haka sai muka ji a rediyo wai Alhaji aka ɗauka ya tsaya mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa. Gari ya ɗauka. Maza a majalisa suna ta cewa wanda ya riƙe kamfani bai faɗi ba, ƙasa ma zai riƙe. Na tsaya da tallan ƙuli-ƙulina na ce musu, "Kamfani, wanda ba ya kawo riba korar shi ake. To ƙasa fa? Mu da ba mu kawo komi, ina za shi kore mu mu tahi?" Suka ce Baiwa ta fara. Eh, na fara!

Sai ga wani Sirajo, ɗan kamfen daga unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, da mota mai hoton Alhaji. Wai suna neman tsohon ma'aikaci, dattijo mai kamala, ya hau mumbari a taron Birnin Kebbi ya shaida cewa Alhaji uban talakawa ne. In ya yi, aikinsa ya dawo.

Na ce, "Yaya, kada ka tahi. Sunanka suka zo saye."

Ya ce, "Baiwa, ɗiyana kunu suka sha jiya, yau ma kunu."

Ya tafi. Suka sa masa babbar riga da ba tasa ba. Ina daka na ji muryarsa a rediyon maƙwabta, yana cewa Alhaji bai san wulaƙanta ɗan Adam ba, ana tafi ana guɗa. Na jefar da taɓarya na shiga ɗaki ina zage-zage. Ba Tamba na zaga ba, Allah shaida. Waɗanda suka jira sai da yunwa ta durƙusar da shi na zaga, kuma har gobe ban janye ba.

Aiki ya dawo, amma ba nasa na da ba. An riga an ba wani shugabancin leburori, sai suka ba shi gadin ƙofa.

Da kaka ta zo aka yi yanka, muka taru da ƙoranmu kamar kullum, don a zatonmu mai neman ƙuri'a zai ji kunya bana. Ƙofa a rufe, Tamba a tsaye da sanda. Matan suka tura ni gaba, wai ni ce jininsa.

Na ce, "Yaya, ni ce."

Bai ɗago kai ba. Ya dafe sakatar, ya ce, "Na sani. Don Allah ki koma gida, Baiwa, manaja na kallo."