Kunnen da Ya Bar wa Daji

A kasuwar Sabon Birni, gaban teburin mai kayan waya, wani mutum yana tsaye. Zai kai shekara arba'in. Ƙafar wandonsa ɗaure take da roba, tafin hannunsa duk kanta. Ina jin ɗan kabu-kabu ne, wataƙila na hanyar Gatawa, inda mai son tsira da ransa ke jiyo baburan 'yan bindiga kafin ya gan su.

Mai tebur yana ɗora masa babban hedifon, irin mai soso da ke rufe kunnuwa ruf. Kafaɗunsa suna sauka, idonsa a lumshe, kamar wanda ya daɗe bai samu barci ba. Wata mai tallar fura ta goge shi a wucewa, sai ga shi ya fizge abin, yana waige-waige.

"Wanga ya fi ƙaramin daɗi nesa ba kusa ba," in ji mai tebur.

"Shi ya sa ba ni so," in ji shi.

Ya ɗauki ɗan iyafis mai igiya, irin wanda ake cusawa cikin kunne, ya ari reza, ya datse gefe guda ya yar.

"Haba malam, da ka bar shi yana reto!"

"In na bar shi, wata rana waƙa za ta yi daɗi in saka."

Ban san wane nasa ne ya taɓa toshe kunne biyu a hanyar nan har abin ya ritsa da shi ba, ban kuma tambaya ba. Ga shi can yana tura babur, kansa a ɗan karkace, kunnen da babu komai yana sauraron daji tun daga tsakiyar kasuwa.