Rijiyar da Yaya Umaru ya nisanta da ƙofar gidanmu

Da wannan damina shekara goma sha tara ke nan da muka binne Yaya Umaru. Ni ce ƙanwarsa da ta fi kowa yi masa tsiwa, don haka ina ganin ni ya fi kamata in faɗi abin da ya yi. Da yana raye cewa zai yi in bari, abin bai kai a sa a jarida ba.

Garinmu na tsakanin Bodinga da Shagari, tungaye huɗu na kewaye da shi, kuma Babanmu ne mai gari. Zamanin mulkin farar hula na biyu aka yi wa garinmu da kowace tunga alkawarin rijiyar burtsatse. Ba a jima ba gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, biyar ɗin suka koma ɗaya. Kowa ya ɗauka a ƙofar gidanmu za a haƙa ta, har 'yan siyasa sun zo sun taya Baba murna. Ni na fi kowa ɗoki. Lokacin mijina ya rasu, na dawo gida da 'ya'ya biyu, gwiwoyin Inna sun ƙi, ni ke zuwa tsohuwar rijiya can bayan fadama sau uku a rana.

Yaya Umaru lissafi ya karanta a jami'a, irin wanda ake nemo hanya mafi sauƙi da shi in abu ya yi kaɗan mabuƙata sun yi yawa. Yana aikin gwamnati a Sakkwato, sai aka ɗora masa zaɓen wurin haƙa rijiyar. Ya ce wurin da ya dace shi ne inda in aka haɗa tafiyar kowa da kowa za ta fi gajarta. Ya yi lissafin a takarda, amma ya san mutanenmu ba za su yarda da takarda ba. Sai ya ciro tsohon ƙyaure ya ɗora kan turame biyu, ya zana taswirar yankin, ya huda rami a kan kowane gari. Ya zura zare ta kowane rami, ya ɗaure su duka a jikin zobe ɗaya daga sama, daga ƙasa kuma kowane zare na ɗauke da 'yar jaka. Kowane gida ƙusa ɗaya a jakar garinsu. In ya saki zoben, jakunkunan su yi ta jan sa har ya tsaya wuri guda.

Da ya gwada a tsakar gida, zoben ya tsaya daf da garinmu. Baba ya yi murmushi ya fita. Ni kuwa na dawo ke nan da tulu, wuyana kamar zai karye, na tarar da ƙato yana wasa da zare. Haushi ya kama ni.

Na ce, "Yaya, gida ka shan ruwa ko mutane? Kai da ba ka taɓa aza tulu ba! Tungar Gabas gidajensu kaɗan na, amma je ka rijiya da sahe ka ga mata nawa ka hitowa daga kowane gida."

Ya dube ni, ya dubi zoben. Nan take na gane ɓarnar da bakina ya yi, na ce masa wasa nake, ya manta. Ya ce, "Kulu, kin riga kin hwaɗi, kuma na jiya."

Kwana uku ya yi zaune bakin tsohuwar rijiya yana ƙirga tuluna, mata na yi masa dariya. Ya canza ƙusoshin, yanzu tulu ake ƙirgawa ba gida ba. Ranar da ya tara dattawan garuruwan biyar a ƙofar gida ya saki zoben, muna leƙe ta zana, zoben ya ja jiki ya bar garinmu ya tsaya can wajen Tungar Gabas. Baba ya ce a sake. Aka sake, ya koma wurin.

Baba ya ce, "Umaru, wagga ita ta sakayyar karatun da munka yi maka?"

Ya durƙusa ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Baba. In na gyara shi don gidanmu, gobe wani ya gyara shi don nashi."

Can aka haƙa rijiyar. Baba ya yi wata biyar ba ya amsa gaisuwarsa da ya wuce "lafiya". Ni ma na yi gaba da shi, don tafiyata ta ragu, amma ba kamar yadda na ci buri ba. Na ci gaba da ɗaukar tulu har na sake aure. Sai da na fara ganin tsofaffin Tungar Gabas, waɗanda da sai hantsi suke isa gida, suna komawa rana ba ta yi zafi ba, sannan fushin ya fara sauka. Yau kam ba ni da abin alfahari da ya wuce in ce ni ƙanwarsa ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yanzu. Jikana mai tuƙa keke a Bodinga waya ke nuna masa hanya mafi kusa, kuma an ce irin lissafin Yaya ne a cikinta. Wannan zai faranta masa, na san zai karɓi wayar ya yi ta jujjuyawa. Amma da zai bi wasu unguwanni ya ga burtsatse uku a layi ɗaya, kowace a ƙofar wani babba, ga ƙauye na gaba mata na bin jaki da jarkoki, zai ja ya tsaya. Zai yi kallon nan nasa mai sa mutum ya tsargu. Lissafi bai yi mana ƙaranci ba, na'ura ma tana yi. Wanda zai ga amsa ta juya wa gidansu baya kuma ya bar ta a haka, shi ne ya yi wuya.

Bai bar gidan bene ba, sunansa ba ya jikin rijiyar, yaran da ke ɗiba yau ba su san shi ba. Amma ranar da aka kawo gawarsa gida, muna shirin aika a ɗebo ruwan wanka, sai ga matan Tungar Gabas a jere, tsofaffi, kowace da tulu a ka. Babbarsu, Inno, ta sauke nata a tsakar gida tana haki.

Ta ce, "Kulu, kada a taɓa randarku. Da namu za a wanke shi."