Kwalbar Iska Ta Biyu: Shekara Goma Sha Tara Bayan Haruna Bakanike

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai aminina Haruna bakanike makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana kam shirun ya gagare ni, don a watan jiya wani abu ya faru da ya sa ni, tsohon tela mai ciwon gwiwa, na miƙe tsaye a tsakar gida ina tafi har maƙwabta suka leƙo. Akwai wani suna da garin nan ya liƙa wa Haruna har ya mutu da shi, kuma yau na zo in cire masa shi a gaban jama'a.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da garinmu yake shirin sallama sunan Abuja ya koma Suleja. Shagona na ɗinki yana jingine da garejin da Haruna yake aiki. Shi ne yake bin wata gingimari mai ɗaukar doya daga Izom zuwa Kaduna, don motar ta tsufa, ba ta yarda ta yi tafiya sai da likitanta a ciki. Idan sun sauke kaya, kafin a gama lodin dawowa, sai ya faɗa silima. Washegari da la'asar gindin mangwaron gareji sai ya cika maƙil: masu faci, 'yan kamasho, mai shayi, har da Mista Sande, wani malamin firamare mutumin kudancin Zariya da yake haya a bayan shagona. Ni ma sai in bar keken ɗinki in fito da allura a baki.

Haruna ba ya jin Turanci ko na sayen burodi, amma wallahi idan yana ba da labarin fim sai ka rantse da shi aka yi. Wanda ya fi tafiya da hankalinmu shi ne na wani ƙaton kumbo mai ɗauke da jama'a, ya yi shekaru yana yawo cikin taurari yana nema musu duniyar zama. A cikin kumbon akwai wani tsohon bakanike mai hula duk baƙin mai, wanda Haruna ya raɗa wa Baba Sufana. Al'adar tsohon ita ce, duk gyaran da ya gama sai ya ƙwanƙwasa jikin kumbo sau uku da sufana, na ciki su san komai ya daidaita.

Rannan tankin ruwan kumbo ya fashe daga waje. In ba a toshe ba, ƙishirwa za ta kashe kowa. Samari suka yi ta kallon juna, sai tsohon nan ya ɗaura igiya a ƙugu ya fita. Idan Haruna ya zo nan sai ya hau kan tsohuwar taya, ya buɗe hannuwa yana lilo, mu kuwa ko tari babu mai yi. Tsoho ya toshe tanki. Haruna ya ɗauki sufana ya buga wa wani tsohon ƙarfe: ɗaya, biyu, uku. Sai igiya ta tsinke, Baba Sufana ya yi ta nisa yana ƙanƙancewa har duhu ya haɗiye shi. Na ga mai shayi, ƙato da shi, yana share ido da tsumman goge kofi.

Daga nan sai Haruna ya yi murmushi ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, tsoho bai mutu ba. Ya faɗa kan wani mataccen kumbo da aka yasar, ya shiga ya tayar da injinsa, yana can yana jiran a zo a ɗauke shi. Mun yi sowa kamar an ci ƙwallo. Labarin nan ya kai Sabon Wuse, har direbobi suna tsayawa musamman a maimaita musu.

Sai hutun makaranta ya zo, Mista Sande ya je Kaduna wajen 'yan'uwansa, ya kalli fim ɗin da idonsa. Mutumin kirki ne, amma malami ne, ba ya iya ganin kuskure ya bar shi ba jan biro. Ya dawo ya tsaya a gindin mangwaro, gaban kowa, ya ce: “Malam Haruna, ni na zauna har aka kunna fitila. Tsohon nan ya mutu. Hularsa suka ɗora a kan kujerarsa, suka yi ta kuka, fim ya ƙare. Wancan mataccen kumbon a ina ka gan shi?”

Aka fashe da dariya. Haruna ya sunkuya ya shige ƙarƙashin mota.

Da jama'a suka watse na bi shi, raina a ɓace, don ni ma na sha rantsuwa a kan labarin nan. Sai ya ce mini: “Mutumina, ni fa ban taɓa ganin ƙarshen fim ba. Direbanmu ba ya jira, da an gama lodi zai tayar. Kullum saura kaɗan a tashi nake fitowa da gudu.” Na ce to don me bai faɗi haka ba, ya tsaya shirya mana ƙarya? Ya ce ba ƙarya ba ce. Kafin tsohon ya fita, an nuna shi ya ɗauki kwalbar iska ta biyu, irin ta numfashi, ya cusa a aljihun ƙafa, kuma an daɗe ana nuna hannunsa. “Malami magana yake saurare, ni hannu nake kallo. Bakaniken da ya ɗauki safaya ba mutuwa ya fita yi ba.”

Na ce ya faɗa wa mutane mana. Ya faɗa, aka ƙara yi masa dariya. Daga ranar ya zama Haruna Ƙarshen Fim. Idan ya saurari inji ya ce ga ciwonsa, sai wani ya ce, “Ka gani ne ko ƙarasawa ka yi?” Har 'ya'yansa sai da aka riƙa tsokana da sunan a makaranta. Gindin mangwaro ya mutu, Haruna bai sake hawa taya ba. Ina faɗa da kunya, ni ma na kira shi da sunan nan ba sau ɗaya ba, yana dariya, amma na san yana yi masa ciwo.

Masu fim kuwa ba su tsaya ba. Kashi na biyu ya fito, na uku, na huɗu, har zamanin bidiyo ya zo. Kowanne sai Haruna ya samo kaset mun kalla a ɗakinsa, wannan karon har ƙarshe. An yi yaƙe-yaƙe, an haifi 'ya'ya a cikin kumbo sun girma, babu Baba Sufana sai hularsa a kan kujera. Duk ranar da muka gama zai kashe talabijin ya ce, “Ba su gama ba tukuna.” Da wannan maganar ya koma ga Mahaliccinsa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga Sulejan yau, inda yaro yake riƙe da silima sukutum a tafin hannu, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake kallo. Na tabbata abu na farko da zai yi shi ne ya mayar da wurin aljihun nan sau goma ya tara mu mu gani.

To, a watan jiya jikata Hauwa ta zo da kwamfutarta ta ce, “Tsoho, fim ɗin nan naku na zamanin da, an yi sabo. Zo ka gani kafin idon ya ƙarasa tafiya.” Na zauna ina mita. Can tsakiyar fim, jikokin mutanen kumbo suka iso wani wuri mai tarin matattun jirage. Aka yi tsit. Sai aka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe: ɗaya, biyu, uku. Suka fasa ƙofa, ga tsoho ya farka daga wani akwatin barci da ya gyara da hannunsa, ga sufana, ga kwalbar iska ta biyu a gefensa babu komai a ciki. Ɗan wasan daban ne, na sani, amma me ya dame ni? Na miƙe ina tafi ina kiran sunan Haruna, hawaye har gemu. Hauwa ta zaci taɓuwa na yi.

Washegari na sa ta ta raka ni Gauraka, inda Mista Sande yake zaune wajen 'yarsa. Ya tsufa tukuf, sai da aka kawo masa tabarau biyu. Hauwa ta kunna masa wurin. Ya ce a mayar. Aka mayar. Ya daɗe yana kallon kwalbar nan, sa'annan ya tambaye ni mutum nawa suka rage cikin 'yan gindin mangwaro. Na ce daga ni sai shi sai mai shayi, shi ma ba ya ji sosai.

Ya ce, “To ka rubuta a jarida, ka ce ni na ce. A gaban jama'a na kunyata shi, a gaban jama'a zan janye.”

Ga shi na rubuta. Garejin ya zama shaguna, mangwaron an sare, abin da ya rage na Haruna shi ne 'ya'yansa da jikokinsa, kuma su nake so su karanta wannan su san ubansu ba maƙaryaci ba ne, ido gare shi da ya fi namu. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana dariyar da muka yi masa.

Ranar da muka je Gauraka, har na kai bakin ƙofa zan fita Mista Sande ya kira ni. Ya cire tabarau yana goge ido ya ce, “Malam tela, shekara da shekaru muna cewa Haruna ya fita kafin a gama fim. Ashe mu ne muka fita.”